Jinkar da Kunya Ta Kayar

Ku gyara zama, 'yan'uwa, domin misalin da na zo muku da shi yau yana da daɗi a bakina, tun jiya nake ɗokin faɗarsa.

A wani ƙauye an yi wani mutum, manomi ne, yana da babban rumbu a tsakar gidansa. A shekarar nan Ubangiji ya sa wa gonarsa albarka, ya cika rumbun da dawa har baki. Abincin gidansa ke nan na shekara, da na baƙo, da irin da zai shuka. Sai ya zama da bazara ta yi, wata guguwa ta taso da rana tsaka, ta ɗauke jinkar rumbun, ta yi jifa da ita bayan danga. Da ma gara ta riga ta cinye ta ta ciki. Rumbu ya tsaya kai a buɗe, ga shi kuwa kowace yamma gabas tana haɗe rai. Mutumin ya rufa zana a kai, amma ya sani zana ba za ta tare ruwan farko ba. Wanda ya san dawa ya san abin da ruwa yake yi mata a cikin rumbu. Za ta jiƙe, ta tsiro, ta ruɓe, gida ya shiga damina da yunwa.

Sai ya tashi ya bi gida gida yana neman taimako, gama jinkar rumbu ba aikin mutum ɗaya ba ce. A ƙasa ake ɗaure ta. A jera itace da kara, a kewaye su da tanka, wato ɗaurin da ke riƙe su tare, a baibaye da shuci, wato ciyawar rufi, sa'an nan a taru a ɗaga ta gaba ɗaya, a tura da gwafa, dogon itacen nan mai baki biyu, har ta hau kan rumbu ta zauna.

Maƙwabta suka amsa kira. A cikinsu akwai wani tsoho, Barmo, wanda tun yana saurayi yake ɗaukar jinka, ba wanda ya kai shi sanin aikin a yankin. Akwai Korau, ƙaƙƙarfan mutum mara yawan magana, shi ne yake auren ɗiyar Barmo. Akwai Jatau, dogo, mai ban dariya, da Nomau, gajere, wanda zuciyarsa take kusa. Da waɗansu kuma. Kowannensu ya taɓa ɗaukar jinka a wani wuri, amma ba su taɓa ɗauka tare ba.

Da kun ga yadda suka fara, da kun ce mala'iku ne suka sauko ɗaurin jinka. Gaisuwa kan gaisuwa. Wannan ya ce a ɗaure tanka nan, wancan ya ce yadda ka ce haka za a yi. Wani ya ga an yi ɗauri sako-sako, sai ya yi murmushi ya ce aiki ya yi kyau. Kowa yana lallaɓa kowa kamar ƙwai. Maigidan ya ji daɗi ƙwarai, ya ce a ransa, lalle Allah ya haɗa ni da mutanen kirki.

Da lokacin ɗagawa ya yi, maigidan ya raba musu wurare. Ya dubi Barmo, ya ce ai babba shi ne a gaba, ya ba shi wurin da jinka take fara hawa, inda nauyi yake taruwa. Ya sa Korau kusa da shi, don suruki ya tsaya kusa da surukinsa. Tsohon ya tofa yawu a tafinsa, ya kama.

Aka ce a ɗaga. To, wa ya ce? Jatau ya ce, Nomau ya ce, maigidan ma ya ce, kowa a nasa lokacin. Jinka ta tashi tana rawa. Ta kai gwiwa, ta kai ƙugu, ta kai kafaɗa. A nan ne Korau ya ga hannun tsohon yana karkarwa, ya ga gefensa yana yin ƙasa.

Kun san yadda surukuta take a ƙasarmu. Korau bai taɓa kiran sunan Barmo ba. Ba ya cin abinci a gabansa, ba ya haɗa ido da shi, in sun gamu a hanya sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa. To, mutumin da yake haka, ta yaya zai buɗe baki a gaban jama'a ya ce ƙarfin surukinsa ya ƙare? Sai ya cije, ya matsa, ya sa kafaɗarsa ya ɗauki nasa nauyin da na tsohon, bai ce uffan ba. Da ya matsa, wurinsa ya zama ba kowa. Jinka ta karkata, masu gwafa suka tura a banza, ta juyo, mutane suka watse, ta faɗi ƙasa rim. Itatuwa suka kakkarye, shuci ya tarwatse. Allah ya kiyaye ba wanda ta danne.

Sai mala'ikun nan namu suka zama mutane. Nomau ya ce laifin Jatau ne, dogon banza, ya ɗaga gefensa har sama ya bar gajeru da wahala. Jatau ya ce in mutum bai yi tsawo ba ai ba shi ya hana shi ba. Wani ya ce tun farko tanka ba ta ɗauru ba. Aka ce masa, to da ka gani me ya sa ka ce ta yi kyau? Aka tono tsofaffin maganganu, har da na akuyar da ta shiga gonar wani bara. Kowa ya faɗi albarkacin bakinsa, amma ainihin abin da ya faru ba wanda ya taɓa shi. Barmo ya ɗauki sandarsa ya tafi gida. Korau ya tsaya yana tsince shuci shi kaɗai.

Maigidan ya zauna a gindin rumbunsa, zuciyarsa ta ɓaci ƙwarai. Ƙarshen rani ne, wuta ta ci daji, dabbobi sun cinye saura. Da abin da aka tsince da wanda za a roƙo a gari, shuci bai wuce na jinka ɗaya ba. In wannan ma ta faɗi, shi ke nan. Ya ce wa matarsa zai sallami mutanen nan, ya je ƙauyen gaba ya nemo waɗansu masu haɗin kai.

Matar tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba, ta ce, “Maigida, waɗanda za ka kawo, su ma da gaisuwa za su fara. Waɗannan kuwa sun riga sun faɗi tare, sun yi faɗa tare. Ka kira su ka ji abin da suka koya, kada ka zubar da shi.”

Ya ga gaskiyarta. Da safe ya sake bin gida gida, har gidan Barmo, ya roƙe su su zo gindin ɗorawar da ke ƙofar gidansa. Suka zo, kowa yana cin magani. Aka kawo kunu, aka sha. Sa'an nan maigidan ya ce ba shari'a ya kira su ba, ba ya neman mai laifi. Abu ɗaya yake so, kowa ya faɗi abin da hannunsa ya ji tun daga ɗagawa har faɗuwa.

Tambayar ta kwance musu baki. Nomau ya ce shi dai ya ji murya uku, bai san wadda zai bi ba. Jatau ya ce shi ya ji nauyi ya taru a kansa domin duka dogaye suna gefe ɗaya, ya ɗaga ne don ya tsira da wuyansa. Nomau ya dube shi, ya ce ashe haka ne, shi ya ɗauka nuna ƙarfi yake yi. Mai maganar tanka ya ce ya ga ɗaurin bai yi ba, amma ya ji nauyin wanda ya ɗaura. Haka aka yi ta zagayawa har aka zo kan Korau. Korau ya sunkuyar da kai, yana zane a ƙasa da tsinke.

Barmo ya dube shi ta wutsiyar ido, ya daɗe, sa'an nan ya ce, “Ku ƙyale shi. Abin da ya gani ba zai iya faɗa ba, ni zan faɗa. Hannuna ne ya mutu. Tun jinka tana ƙugu na san ba zan kai ba. Kun ba ni wurin girma, na ji kunyar in ce ban iya ba. Shi kuma ya ji kunyata, ya bar wurinsa ya ɗauki nawa.”

Jatau, wanda bakinsa ba ya rufuwa, ya ce a hankali shi ma ya gani. Wani ya ce shi ma. Ashe rabin mutanen sun ga hannun tsohon yana karkarwa, kowa ya yi shiru yana jira wani ya faɗa. Maigidan ya ce shi ne ya sa tsohon a wurin, girmama shi ya so ya yi, amma bai tambaye shi ba.

Daga nan magana ta yi daɗi, 'yan'uwa, har suna katse juna don ɗoki. Suka shirya cewa murya ɗaya za a bi, ta Barmo. Ba zai ƙara shiga ƙarƙashin jinka ba, zai hau kan kututture daga nesa, inda idonsa zai yi aikin da hannunsa ya kasa. Dogaye su riƙe gwafa, a raba su kewaye, a sa gajere tsakanin dogo da dogo. Kowane ɗauri, wani dabam zai zo ya ja shi ya gani, ba kuwa raini ba ne. Sa'an nan tsohon da kansa ya ƙara ɗaya. Ya ce duk wanda ya ga wani abu, ko ya ji hannunsa zai saki, ya ce a dakata, kowa kuma ya tsaya cak.

“Muddin jinka tana sama,” in ji shi, “ba babba, ba suruki. In ta zauna, kowa ya koma matsayinsa.”

Suka yi na'am. Korau ma ya gyaɗa kai, amma bai ɗago ba.

Ba su tafi kan rumbu kai tsaye ba. Suka ɗaure karyayyen itacen jiya yadda ya samu, suka yi ta gwada ɗora shi a kan kangon ɗakin awaki, wanda ko ya faɗi ba asara. Suka ɗaga, suka sauke, suka sake. Ya faɗi, suka yi dariya, suka tsaya suka tambayi juna me ya kawo haka, suka gyara. Jatau ya ce a dakata, aka tsaya cak, ashe ƙuda ne ya sauka masa a hanci. Nomau ya bi shi da gudu, yau kam da wasa. A hankali ƙafafunsu suka fara tafiya tare, har ya zama kafin tsohon ya rufe baki jinka ta riga ta motsa. Kowa ya gwada faɗar kalmar nan ta a dakata, ya ji yadda take a bakinsa, ban da Korau.

Suka ɗaure sabuwar jinka da shucin ƙarshe. Ranar da aka gama baibaya, bayan azahar, hadari ya haɗu a gabas baƙi ƙirin, iska mai ƙanshin ƙasa ta fara kaɗawa. Mata suka fito suna kwashe shanya. Maigidan ya dubi sama, ya dubi rumbunsa.

Barmo ya hau kututture. “Ku kama. Ku ɗaga.”

Jinka ta tashi sumul, kamar hannu ɗaya ne ya ɗauke ta. Gwiwa, ƙugu, kafaɗa. Masu gwafa suka shiga, suka tura, ta yi sama, ta haye bakin rumbu. Daga inda tsohon yake tsaye ta zauna daidai, kyakkyawa. Ya ce su shirya, zai ce a saki.

Amma Korau yana baya, inda idon tsohon ba ya kaiwa. Ya ga tankar ƙasa ta maƙale a leɓen rumbun, bayan jinkar bai hau ba, gwafarsa ce kaɗai take riƙe da shi. In aka saki, jinkar za ta zame ta baya ta faɗo. Ya nemi Jatau da ido don ya faɗa a madadinsa, Jatau yana can ɗaya gefen. Nomau yana kusa da shi, amma kansa yana cikin shuci, ba ya ganin kome. Ba kowa sai shi. Ya buɗe baki ya ce a dakata, muryar ta fito ƙarama, iska ta tafi da ita. Ya ji tsohon ya ja numfashi zai ba da umarni.

“Baba, a dakata!”

Duk gidan ya ji. Matan da ke kwashe shanya suka tsaya da ƙwarya a hannu, domin ba wanda ya taɓa jin Korau ya ɗaga murya a gaban surukinsa.

“An dakata,” in ji Barmo. “Me ka gani?”

“Baya bai hau ba, Baba. Sai an ɗan ɗaga, a turo ta nan.”

“Ni ba na ganin wurin. Ku bi muryarsa.”

Korau kuwa ya ba da murya. Ya ce na dama su ɗaga, suka ɗaga. Ya ce Nomau ya tura, ya tura. Tanka ta kuɓuce daga leɓen rumbu, jinka ta matsa, ta sauka ta zauna daram, har ƙura ta tashi. Suka bi ta da igiya suka ɗaɗɗaure. Ba su gama ƙulli na ƙarshe ba ɗigon farko ya faɗo a kan shuci. Mata suka rangaɗa guɗa. Jatau ya sungumi Nomau yana juyi da shi a cikin ruwa, Nomau yana cewa ya sauke shi, yana dariya. Ruwa ya zuba kamar da bakin ƙwarya. Da ya ɗauke, maigidan ya hau tsani ya zura hannu cikin rumbu, ya damƙo dawa, ya ji ta a bushe ƙayau. Ya tsaya a kan tsanin yana yi wa Allah godiya, hawaye yana bin fuskarsa, bai ko share ba.

Korau fa? Jinka ta zauna, ya koma matsayinsa. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa a gefe cikin taɓo, kansa a ƙasa. Barmo ya zo wucewa, bai dube shi ba, kamar yadda aka saba. Sai ya tsaya a gaban maigidan, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, “Ka gaya wa mutumin nan, ɗiyata ta yi dacen miji.”

To, ga abin da wannan misali yake nufi.

Rumbun nan shi ne aikin da Allah ya danƙa mana tare, dawar kuwa mutanen da rayuwarsu ta rataya a kan aikin. Masu ɗaukar jinka mu ne, a duk inda aka haɗa mu aiki: ƙungiyar mawaƙa, zumuntar mata, dattawan ikilisiya, ku da kuke aiki a asibiti ko makaranta, ku na gareji da shagon ɗinki. Kada mu ruɗu da daɗin bakin ranar farko. Mutanen da ba su taɓa saɓa wa juna ba, sau da yawa ba haɗin kai gare su ba, ba su san juna ba ne tukuna. In kuma aiki ya faɗi, faɗa ya tashi, kada shugaba ya yi saurin cewa a watse a nemo waɗansu. Ina gaya muku da murna, sau da yawa daidai nan ne ƙungiya take fara zama ƙungiya, in an sami wanda zai zaunar da ita ya yi tambaya mai kyau. Wanda ya tambayi wa ya yi laifi, zai sami mutane suna kare kansu. Maigidan nan ya tambayi abin da hannun kowa ya ji, gaskiya ta fito da ƙafarta.

Ku lura kuma, ba a kori tsohon ba, ba a kuwa bar shi a wurin da zai karye ba. An nemo masa wurin da baiwarsa take. Akwai waɗanda muka ɗora wa nauyi da sunan girmamawa, suna nishi a ɓoye, ba mu taɓa tambayarsu ba. Akwai kuma aikin da muke ɗauka kai tsaye zuwa kan rumbu, ba mu gwada a kangon awaki ba, sa'an nan mu yi mamaki in ya faɗi.

Amma zuciyar misalin tana wurin mutum biyun nan. Kunya abu ne mai kyau, ni ba zan ce ku zubar da ita ba, ita ce adon gidajenmu. Korau bai zubar da tasa ba, ya koma ya durƙusa. Sai dai kunyar da za ta sa ka ga aiki zai faɗi a kan 'yan'uwanka ka yi shiru, wannan ba ladabi ba ce, tsoro ne ya sa rigar ladabi. Ƙarami, in ka gani, ka faɗa, da ladabi, da murya yadda za a ji.

Ku kuma manya, da ku nake yanzu, ni ma ina cikinku. Korau ya iya buɗe baki ne domin tsohon ya riga ya buɗe nasa a gindin ɗorawa, ya ce hannunsa ne ya mutu. Da Barmo ya daka masa tsawa a ranar nan, da dawar ta ruɓe, da kuma ba wanda zai sake cewa kome a gabansa har ya mutu. A wurin aikinku akwai wanda yake tsaye a baya, yana ganin abin da ba ku gani, gwafarsa kaɗai take riƙe da gefen nan, hannunsa kuma ya fara gajiya. Wataƙila ya riga ya yi magana sau ɗaya, a hankali, ba ku ji ba. Gobe Litinin, in kun isa wurin aiki, kada ku jira ya yi ihu. Ku je inda yake tsaye, ku tambaye shi me ya gani.